Fiton Barga

A zamanin da Sarki Tunau ke kan gadon Gulbare, babu mahaluƙin da ya isa ya yi fito a cikin birni. Yaro ya yi, a make masa baki. Babba ya yi, dogarai su ja shi zuwa fada. Mutum ɗaya tak aka yarje wa, shi ne Shamaki Arzika mai kula da bargar Sarki, shi ma sai a bayan katangar barga. Mutanen gari suna cewa wai don fito yana kiran aljanu ne. Ina! Babu ruwan aljanu a ciki, sirrin dawaki ne.

Ga yadda abin yake. Duk dukushin da aka haifa a bargar nan, da zarar an raba shi da goɗiya, sai Shamaki ya ɗaura masa doguwar igiya ya sa shi zagaya fili. Idan gudu ya yi gudu, sai ya saki wani fito mai gaɓa biyu, ta fari ta hau sama, ta biyu ta faɗo, ya fizgi igiyar. Dukushi na tsayawa, ya miƙa masa jiƙaƙƙen gero da ɗan kanwa a tafin hannu. Yau haka, gobe haka, har ya zama ingarma. To daga nan fa, ko a tsakiyar sukuwa yake, da ya ji wannan fito zai kafe ƙafafunsa a ƙasa ya tsaya jiran geronsa, ƙaimi ko bulala ba sa ɗaga shi.

Ba don yaƙi aka ƙirƙiri wannan ba, don 'ya'yan sarki ne. A hannun Shamaki suke koyon hawa, kuma Arzika ba ya sassauta wa kowa. Ɗan sarki ya zo da rigarsa mai aiki, sai ya sa shi tuɓewa, ya ba shi tsintsiya ya share kashin doki. Sai ya iya ɗaukar harawa, ya iya cire kaska, ya iya ɗaga kofato ya duba ƙaya, kana ya hau, shi ma hawan babu sirdi. Kullum maganarsa ɗaya ce, har dawakin sun haddace: "Gwiwa ta kama, hannu ya yi laushi, ido tsakanin kunnuwan doki. Kada ka waiwaya! Komai ka ji a bayanka, kada ka waiwaya!" In kuwa doki ya ƙwace ya ɗauki yaro, sai Shamaki ya yi fitonsa, doki ya tsaya, a mai da wa Sarki ɗansa da ƙashinsa lafiya.

Haka ya koyar da Tunau da ƙaninsa Barmo tun suna yara. Wata shekara wani dukushi ya harbi Shamaki a baki, leɓensa ya kumbura, fito ya gagare shi. Ga 'ya'yan sarki suna hawa kullum. Tsoron kada a yi ɓarna ya sa ya ja Barmo gefe, don shi ne mai natsuwa a cikinsu, ya koya masa. Ba a daɗe ba kuwa doki ya ƙwace da Tunau, ya nufi ramin ganuwa gadan-gadan, Tunau na ihu yana kiran uwarsa. Barmo ne ya yi fiton. Dokin ya kafe a bakin rami, aka sauko da Tunau wandonsa a jiƙe. Duk wanda ke barga ya gani, kuma kowa ya san bakinsa bai isa ya sake ambaton ranar ba.

Da mahaifinsu ya rasu aka naɗa Tunau. Barmo ya ce bai yarda ba, ya fice ya hau Dutsen Kwaraka, ya tara 'yan baka daga mutanen tsauni. Dawaki kam ba shi da na a zo a gani.

Ran nan majalisa ta cika, sai ga manzon Barmo. Ya faɗi ya yi gaisuwa a gajarce, ya ajiye wani abu naɗe cikin buzu, ya ce, "Ubangidana ya ce a ba yayansa wannan. Ya ce yana jiransa a Fadamar Kuka, in har shi ɗan ubansu ne." Aka kwance buzu. Turke ne, irin wanda ake ɗaure doki, sabon sassaƙa.

Galadima Mijinyawa, tsoho mai son a zauna lafiya, ya gyara murya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni a nawa gani yaron nan ya gaji da yawo. Turke ai wurin zama ne. Yana neman hanyar dawowa gida ne, kunya ta hana shi faɗa."

Madawaki Sodangi, shugaban mayaƙan doki, ya yi dariya ya ce, "Galadima, zaman lafiyarka ya yi yawa. Zaki, wannan zagi ne tsirara. Cewa yake zai ɗaure ka a turke. Ka ba ni izini in tattake masa 'yan bakansa kafin su ɗana kibiya ta biyu. Wane ne Barmo? Mai jakuna zai tari ingarmun Gulbare?"

Majalisa ta ɗauki ƙus-ƙus, mafi yawa suna bayan Madawaki. Shamaki Arzika dai tun da aka kwance buzun idonsa bai bar kan turken ba. Ya muskuta, ya duƙar da kai ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, a ba bawa izinin magana."

Sarki ya ce, "Faɗi, Baba Shamaki." Haka yake kiransa tun yana yaro.

"Ranka ya daɗe, wannan saƙo ba na Galadima ba ne, ba na Madawaki ba ne, nawa ne, don da harshen barga aka aiko shi. Barmo cewa yake zai ɗaure dawakinmu a fagen fama ba tare da igiya ba. Ya san fiton barga. In ya koya wa mutanensa suka haɗa baki suka yi shi lokaci guda, wallahi duk dokin da ya ci gero a hannuna zai tsaya, ko da Sarki ne a kansa. Mahaya su zube, 'yan baka su tsince su. Ina roƙon ɗayan uku. Ko a bar dawakin barga a gida a ari na hakimai, ko a ba ni zuwa kaka in kankare musu abin da na koya musu, ko kuwa in tafiyar ta zama dole, a toshe kunnen kowane doki da auduga."

Madawaki ya miƙe zaune. "Auduga! Jama'a kun ji? Ingarmun Gulbare su fita yaƙi da auduga a kunne kamar tsofaffi masu ciwon sanyi? Da me za su ji tambari? Ko kuwa mu bi gidajen hakimai muna aron doki, duniya ta ji Sarkin Gulbare ba shi da abin hawa? Sai kuma jira zuwa kaka, ai shi ne ainihin abin da Barmo ke so, ya ƙara tara mutane. Zaki, ni ba na zargin kowa. Amma ina tambaya, wa ya shaida cewa Barmo ya san wannan fito? Ko dai tsohon malami ne ke tausayin ɗalibinsa?"

A nan ne Arzika ya yi kuskuren da ya ci shi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin dawaki, doki kuwa ba ya jin haushi don an tuna masa ya taɓa tuntuɓe. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Shaida? Ai ga shaida nan a kan gado. Ranka ya daɗe, ka manta ranar ramin ganuwa? Wa ya tsayar da dokinka?"

Galadima ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Wani daga cikin fadawa, Allah wadai da shi, ya ƙunshe dariya a hannun riga, kuma Sarki ya gani.

Tunau ya kafe Arzika da ido. Da ya buɗe baki muryarsa a sanyaye take. "Arzika, a gaban majalisata, a gaban manzon maƙiyina, kake gaya mini cewa raina sadakar Barmo ce?"

"Zaki, tuba nake, ba haka nake nufi ba. Ranka nake ji wa tsoro."

"Ka ji wa naka. Ban san wata ranar ganuwa ba, ba a taɓa yin ta ba. Dogarai, ku kwance masa rawani."

Aka warware rawanin Shamaki a gaban kowa, furfurarsa ta bayyana, aka fitar da shi. Galadima da ya san gaskiya sarai ya kau da kai. Madawaki ya kawo wani yaronsa aka ba shi riƙon barga. Sarki ya dubi manzo ya ce, "Ka gaya wa ubangidanka ina tafe, kuma a wannan turken zan ɗaure shi."

Ranar fita, aka wayi gari ungulaye sun yi jere a kan katangar barga, an kore su sun dawo. Masu ido suka gani suka san ba alamar alheri ba ce. Sai kuma wata matsala ta taso. Dokin yaƙin Sarki, wani baƙin ingarma da ake kira Duhu, ya ƙi yarda kowa ya sa masa linzami. Ya ciji sabon mai riƙon barga a kafaɗa, ya karya wa wani haƙarƙari. Tun yana dukushi hannu ɗaya ya sani. Dole aka je aka nemo Arzika a gidansa.

Sarki ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Za ka bi mu a ƙasa, ka ɗaura sirdi, ka kwance sirdi. In na ji kalma ɗaya daga bakinka, a bakin harshenka." Tsohon da ya koya wa Sarki zaman sirdi, shi ne ya bi rundunar da ƙafa, ba rawani, yana shaƙar ƙurar dawakin da ya rena. Kai, duniya ba ta da kunya.

Suka isa Fadamar Kuka. Da hantsi ya ɗaga aka hango mutanen Barmo can ƙetaren fadama, sun yi sahu, bakuna a hannu, babu garkuwar kirki, babu rami a gabansu. Barade suka yi ta shewa, wai yau ko gumi ba za su yi ba.

Arzika na tsaye yana ɗaure wa Duhu majayi, wato ɗamarar sirdi, sai Madawaki ya wuce da mutanensa za su kama ɓangaren dama. Tsoho ya ɗaga ido don al'ada, ba ya iya ganin doki bai duba tafiyarsa ba. Dokin da Madawaki ke kai ba ɗan barga ba ne. Ya duba na bayansa, ya duba na bayan wancan. Duk baƙi ne, sayen fatake, babu ɗaya mai shaidar barga a cinya. Mutumin da ya rantse a majalisa cewa fito ƙarya ne, shi ne bai yarda ya hau dokin da ya san fito ba.

Ya saki majayi ya zube a gaban Sarki. "Zaki, a yanke harshen, amma ka dubi dawakin Madawaki! Ka dubi..."

Dogari ya kai masa gindin mashi a baki, a daidai tsohon tabon harbin dukushin nan. Sarki ya juya baya yana sa kwalkwali, ya ce, "Ƙarasa aikinka."

Arzika ya tashi yana tofar da jini. Barga ba a hannunsa take ba, runduna ba ta jin maganarsa, doki ɗaya kaɗai ya rage da zai iya taɓawa. Ya zagaya ta bayan Duhu kamar mai gyaran lifidi, wato rigar audugar da ake sa wa doki don kibiya. Ya farke ɗinki da haƙori, ya zaro auduga, ya murza ta, ya cusa a kunnen dama, ya cusa a na hagu, ya ja rufin kai ya rufe. Duhu ya girgiza kai, Arzika ya shafa masa wuya har ya natsu. A ransa yana cewa, in sauran sun tsaya, ko ba komai wannan zai iya juyawa ya fitar da yaron nan da rai. Har a lokacin yaro yake kiransa a zuciyarsa.

Aka buga tambari. Sarki Tunau ya zare takobi ya shiga gaba, barade suka rufa masa baya, ƙasa ta ɗauki rugugi. Arzika ya haye wani suri yana kallo. Wallahi hawa ne mai kyau, gwiwa ta kama, hannu ya yi laushi, duk aikinsa ne. Mutanen Barmo ba su ja da baya ba, ba su ma ɗana kibiya ba. Sai da dawaki suka cinye rabin fadama, kana aka ga sun rataye bakunansu, kowa ya kai yatsu baki.

Fiton ya tashi daga bakin sahu zuwa bakin sahu, gaɓa ta fari ta hau, ta biyu ta faɗo.

Dawakin Gulbare suka kafe. Na gaba suka tsaya cak, na baya suka afka musu. Barade suka yi ta wulwulowa ta kan wuya, mai sulke ya faɗi ya kasa tashi, mai mashi ya faɗa kan mashinsa. Waɗanda suka tsira a kan sirdi suka yi ta zuba ƙaimi har jini, a banza. Dawakin nan bayin Allah suna tsaye, kunnuwa a miƙe, suna waige-waige suna neman tafin hannun da zai kawo musu gero. A ɓangaren dama kuwa Madawaki ya ja linzami a hankali, ya koma gefe da mutanensa, suka tsaya kallo.

Doki ɗaya ne bai tsaya ba.

Sarki ya ji fiton sarai. Ya ji kuma Duhu bai ko rage gudu ba. Waɗanda suke kusa sun ce sun ji shi yana dariya yana kururuwa, "Kun gani! Ƙaryar tsoho! Ku biyo ni!" Ya ɗauka dukan Gulbare na bayansa. Da ya juya kai sau ɗaya, da ya ga fili fetal tsakaninsa da mutanensa, kuma akwai sauran sararin juyawa. Amma wa ya koya masa hawa? Idonsa na tsakanin kunnuwan doki, komai ya ji a bayansa bai waiwaya ba.

Arzika ya diro daga kan suri ya sheƙa cikin fadama, tsoho da shi, yana faɗuwa yana tashi. "Waiwaya! Tunau, waiwaya!" Wa zai ji shi? Sai ya yi abin da ya saba yi duk sanda doki ya ɗauki ɗan sarki zuwa halaka. Ya kai yatsu bakinsa mai jini, ya tattara iyakar numfashinsa, ya yi fiton barga. Bai taɓa yin wanda ya kai shi ƙarfi ba. Dawakin da ke kusa suka juyo gare shi suna haniniya. Duhu kuwa bai ji ba, kuma Arzika ya san dalili.

'Yan baka suka buɗe wa Sarki hanya, ya shige tsakiyarsu shi kaɗai, suka rufe.

Kafin azahar komai ya ƙare. Aka shimfiɗa wa Barmo buzu a gindin kuka. Madawaki Sodangi ne ya fara faɗuwa ya yi mubaya'a, Galadima ya bi baya. An lulluɓe gawar Tunau da alkyabbarsa a gefe. Aka jawo Duhu, kibau sun yi masa yawa, yana tsaye da ƙyar. Barmo ya tashi da kansa ya zagaya shi, don shi ma ɗan barga ne, abin ya ɗaure masa kai. Ya ɗaga rufin kai, ya sa yatsa a kunnen dokin, ya zaro auduga. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Wa ya ɗaura wa dokin nan sirdi?"

Aka turo Arzika gaba, duk jikinsa laka. Ya ce, "Ni ne."

Barmo ya dube shi, ya dubi audugar, sai ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya ɗaga murya. "Jama'ar Gulbare, ku shaida! Mun tsayar da runduna, amma da Tunau ya tsaya a cikinta, da sai mun sha wuya kafin mu kai gare shi. Baba Shamaki ne ya ware mana shi, ya aiko mana da shi har gida. An kwance masa rawani saboda ni, yau ya rama. A kawo rawani, a kawo alkyabba!"

"Ƙarya ne!" in ji Arzika. "Ba don kai na yi ba! Don ya tsira na yi!"

Maroƙa sun riga sun ɓarke da kirari, kakaki ya ɗauka, babu wanda ya ji. Ana naɗa masa rawani yana fizge kai, jama'a suka ɗauka kawaici ne. Baraden Tunau da suka rage, waɗanda shi ya koya wa hawa ɗaya bayan ɗaya, suna zaune a ɗaure suna kallonsa. Ɗaya ya tofar da yawu a ƙasa.

Barmo ya matso kamar zai gyara masa wuyan alkyabba, ya yi ƙasa da murya. "Na sani, Baba. Na san don shi ka yi, kullum shi ne naka. Amma ni da kai kaɗai muka sani, kuma babu wanda zai yarda da kai." Ya saka masa audugar a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kanta. "Ka koma bargarka. In mun shiga gari zan aiko maka da 'ya'yana ka koya musu hawa, yadda ka koya mana."

Arzika ya dubi alkyabbar da ke lulluɓe da Tunau a gefe, ƙafa ɗaya ta leƙo, har yanzu da ƙaimi a dunduniyarta.

Ya ce, "Su nawa ne?"

Sabon Sarki ya ce, "Su biyu."